Babi na Bakwai: Kuɗin Gobara da Lokacinsa

Wanda duk ya tsaya a Ƙofar Sauri ta birnin Katsina da hantsi, a watannin da ke tsakanin ƙarshen kaka da faɗuwar ruwan fari, zai ga wata dukiya tana shigowa gari wadda ba a rubuta ta a littafin kowane ma'aji ba, wato amalanken shanu da jakuna da babura daga wajen Shinkafi da ƙauyukan hanyar Kaita, ɗauke da damman harawa da karan dawa da busasshiyar ciyawa, ana kai wa masu turken rago da masu saniyar tatsa a cikin unguwanni. Damin da ake bayarwa a kan abin da bai taka kara ya karya ba a watan Nuwamba, idan Afrilu ya kama sai an sha ciniki kafin mai shi ya ce ya sallama. Kuma a 'yan shekarun nan da Babbar Salla take faɗowa a ƙarshen bazara, mai kiwon ragon layya ya san cewa rabin ribarsa tana rataye ne a rassan bishiya ko a kan soro, inda ya jibge harawarsa tun kaka. Wannan dukiya ita ce abincin gobarar daji a ƙasar Katsina, kuma saboda ita ne ya wajaba mu duba yadda hukuma take fitar da kuɗi saboda wuta, da ƙa'idojin da ta gindaya wa fitar da su, in akwai ƙa'idojin.

Kafin mu kai ga maganar kuɗi, ya kyautu a fahimci dalilin da ya sa wutar arewa ta fi ta kudu ɓarna, alhali kuwa ta kudu ta fi ta tsawon harshe da ban tsoro. A ƙasar Funtuwa da Zazzau, inda gamba da 'yan'uwanta suke da saiwa mai rai a ƙarƙashin ƙasa, idan wuta ta bi da wuri, ƙasa tana da sauran laima, bayan 'yan kwanaki sai a ga toho kore shar ya fito daga cikin toka, shi ya sa wasu makiyaya da kansu suke sa wutar. Amma daga Katsina zuwa Kaita da Jibiya, har a ƙetara zuwa Maraɗi da Dakoro, galibin ciyawar, irin su ƙarangiya da kyasuwa da burburwa, 'yar shekara ɗaya ce: ta tsiro da damina, ta zubar da iri, ta mutu a tsaye, kuma gawarta ita ce abincin dabbobi har wata takwas ko fiye. Idan ta ƙone a watan Disamba, babu toho, babu madadi, sai Yuni ko Yuli idan Allah ya saukar da ruwa. Ƙasa kuma ta zauna tsirara, iskar hunturu tana kwashe samanta. Saboda haka awa uku na wuta suna iya tayar da ruga guda su tura ta kudu tun lokacin tafiya bai yi ba, ta iske gonakin da ba a gama kwashe amfaninsu ba, daga nan kuma sai abin da ya fara da ashana ya ƙare a gaban alƙali, idan ma an yi sa'a ya tsaya a nan.

Masu tayar da wutar ba ɓoyayyu ba ne. Akwai yara masu farautar gafiya da burgu, waɗanda suke cusa tsumma mai hayaƙi a bakin rami su tsaya da sanduna a ɗaya bakin, idan naman ya fito su bi shi a guje su manta da garwashin; akwai mai ɗibar zuma da dare da bakin wutarsa; akwai mai gawayi, da matafiyin da ya dafa shayi bai binne murhunsa ba, da manomin da ya tara sassabe ya cinna masa wuta ranar da iska take kaɗawa. Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar wannan mas'ala ba hukunci, domin a cikin Muhtasar na Shaihu Halil an ambaci wanda ya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi a cikin waɗanda lamuni ya hau kansu idan ta ci dukiyar wani. Hukuncin a bayyane yake, sai dai zartar da shi ne da wuya, gama yaron da ya ƙone makiyayar gari guda saboda gafiya ɗaya, ko an kama shi, shi da mahaifinsa ba su mallaki abin da zai biya ushirin hasarar ba. A nan ne al'amarin yake fita daga babin lamuni ya shiga babin maslahar jama'a, wanda nauyinsa yake kan shugaba da baitulmali.

Katsina kuwa ba baƙuwa ba ce ga wannan babi. Saboda Malam Ummarun Dallaje, sarkinta na farko bayan jihadi, Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa, inda ya lissafa kula da masu sana'a da kasuwanni da hanyoyi a cikin wajiban mai mulki. Kuma a Katsina ne, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Palmer, aka fara jarraba baitulmalin En'e kafin a yaɗa tsarin zuwa sauran masarautun Arewa. Dokar daji ta 1916, da wadda ta biyo bayanta a 1937, su suka buɗe hanyar keɓe gandun daji, har En'e ta riƙa ɗaukar malaman daji tana biyansu daga wannan baitulmali. Ba na cewa zamanin nan na adalci ne tsantsa, domin talaka ya sha tara a kan reshen da ya sara a gonar ubansa. Amma abu ɗaya ya tabbata, shi ne idan wuta ta tashi an san wanda za a tambaya. Mai unguwa ya gaya wa magaji, magaji ya aika wa hakimi, a buga ganga maza su fito da ɗanyun rassan sabara su yi ta dukan gefen wutar har su karya ta, washegari kuma a nemi wanda ya tayar da ita. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da baitulmali da ma'aikata, ya bar musu alhakin da babu kuɗi a bayansa, su kuma sababbin hukumomin suka karɓi kuɗin ba tare da sun gaji kunnen da jama'a suke saurarar hakimi da shi ba.

Kada mai karatu ya zaci cewa yau babu asusu. Akwai, har ma sun yi yawa. Tun 1981 aka kafa Asusun Kula da Muhalli, wanda a wancan lokaci ake yanka wa kaso daga asusun tarayya kafin kowa ya taɓa, da farko kashi 1 cikin 100, aka mayar da shi kashi 2 a 1992. A tsarin rabon da ake bi yanzu, gwamnatin tarayya tana karɓar kashi 1, jihohi 36 suna raba kashi 0.72, ƙananan hukumomi 774 kuma kashi 0.60, wato kowane wata Jihar Katsina da ƙananan hukumominta 34 suna da rabonsu da sunan zaizayar ƙasa da ambaliya da hamada da makamantansu. Dokar da ta kafa hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA a 1999 ta ba ta kashi 20 cikin 100 na asusun, ta kuma nemi kowace jiha ta kafa tata. Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda aka yi wa doka a 2015 domin jihohi 11 na bakin hamada, Katsina a cikinsu, ita ma tana shan nata daga wannan rijiya. Ga kuma shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2021 saboda jihohin Arewa 19 da Abuja. Ta fuskar hani ma ba a yi sake ba, domin hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idoji a 2011 da suka hana ƙona daji ba da izini ba, ko da yake zai yi wuya a sami mai farautar gafiya ɗaya tsakanin Ƙofar Sauri da Dankama da ya taɓa jin labarinsu.

Abin da ya ɓace a cikin duk wannan shi ne sharaɗi bayyananne da zai ce: idan kaza ya faru, wane ne zai nema, wane ne zai amsa, cikin kwana nawa, kuma nawa za a bayar. Kuɗin muhalli yana shiga asusun jiha ya gauraya da sauran kuɗi, fitarsa kuma tana bin ganin damar mai sa hannu. Shari'ar tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, wanda kotu ta ɗaure a 2018 a kan karkatar da fiye da naira biliyan 1 na wannan asusu, aka kuma yi masa afuwa a 2022, ta isa shaida a kan yadda ƙofar take a buɗe. Inda kuwa babu sharaɗi, al'ada ce take cike gurbin, al'adarmu kuma ita ce jaje. Ranar Litinin, 22 ga Maris 2021, wuta ta ci wani babban sashe na Babbar Kasuwar Katsina, watanni biyu bayan ta Sakkwato ta ƙone, shekara biyar bayan ta Sabon Garin Kano. Gwamna Aminu Bello Masari ya je ya gani da idonsa, manyan 'yan siyasa da attajirai suka yi ta sauka a garin, kowa ya ce Allah ya mayar da mafi alheri, Allah ya kiyaye gaba, ya kuma ambaci abin da ya kawo. Wannan hali ne mai kyau, kuma babu mai hankalin da zai raina shi. Sai dai jaje yana bin wanda aka gani ne, kasuwa kuwa tana tsakiyar gari, tana da shugabanni da ƙungiya da lambobin rumfuna. Amma makiyayar da ta ƙone a bayan Kaita ba ta da lamba, ba ta da mai ita guda ɗaya da zai tsaya a gaban kwamiti, kuma kayan agajin da aka saba rabawa, wato buhunan shinkafa da kwanon rufi da siminti da ƙusa da barguna, babu ko ɗaya da saniya za ta ci.

Domin a ga yadda sharaɗi yake idan an rubuta shi, bari mu leƙa Amurka, ba don wutarsu irin tamu ce ba, gama tasu dazuzzuka take ci da garuruwa, kamar yadda ta shafe garin Paradise na Jihar Kalifoniya a Nuwamban 2018 ta kashe mutum 85. A ƙarƙashin dokar Stafford, hukumarsu ta agajin gaggawa, FEMA, tana da wani tallafi na musamman saboda yaƙi da gobarar daji, wanda abin mamakinsa shi ne ba a nemansa sai wutar tana kan ci. Gwamna ko wakilinsa yana buga waya ga shugaban shiyya na hukumar, dare ko rana, a auna roƙon da ma'auni huɗu: barazana ga rayuka da gine-gine da maɓuɓɓugan ruwa, ko kayan aikin jihar sun isa ko sun gaza, yanayin iska da bushewar daji, da girman hasarar da tattalin arziki zai yi, amsa kuma tana fitowa cikin awoyi. Idan an amince, tarayya ta ɗauki kashi 75 cikin 100 na kuɗin da aka halatta, jiha ta ɗauki 25, kuma an lissafa abin da aka halatta ɗin dalla-dalla, tun daga sansanin 'yan kwana-kwana da hayar injuna da gyaransu, har kuɗin kwashe mutane da ba su mafaka, har ma da na girke kayan aiki kusa da wurin tun kwana 21 kafin a ayyana wutar. Ba a kuma biyan ko kwabo sai jihar ta nuna cewa abin da ta kashe ya haye wani ƙayyadadden nisabi da ake lissafawa bisa yawan jama'arta, kuma tana da rubutaccen shirin rigakafi da aka riga aka amince da shi. Hikimar nisabin nan a fili take: ƙaramar wuta nauyin mai gida ce, kada ya saba da miƙa hannu, babba kuwa kada tsoron kuɗi ya sa ya yi jinkirin kiran taimako har ta gagara.

Duk da haka tsarin yana da nasa aibi, kuma su da kansu sun daɗe da gane shi. Tallafin ba ya biyan mai gidan da ya ƙone ko mai kanti, wannan wata ƙofa ce daban. Kuma da yake kuɗin kashe wuta a shirye yake kullum, na hana ta tashi kuwa sai an yi ta roƙo, sai kashewa ta riƙa cinye rigakafi. Hukumar gandun dajinsu, wadda a 1995 kashi 16 cikin 100 na kasafinta ne yake tafiya ga wuta, a 2015 ta kashe fiye da rabi, tana ranto daga kuɗin sassabe da gyaran daji tana zubawa a bakin gobarar da rashin sassaben ya haifar. Sai a 2018 majalisarsu ta ware wa manyan gobara asusu na daban, ta kuma ba da damar a bi kowace wutar da aka tallafa wa da kuɗin rigakafin ta gaba.

Darasin da ya fi kusa da mu, a nisa da kuma a kama, yana hayin iyaka ne. A Jamhuriyar Nijar, wadda tun 1961 ta shata iyakar noma ta bar abin da ke arewa da ita ga makiyaya, ta kuma yi dokar kiwo a 2010, an ɗauki busasshiyar ciyawa a matsayin dukiyar ƙasa, ana ƙiyasta yawanta kowace kaka kamar yadda ake ƙiyasta hatsi, a faɗi ko an sami rara ko gibi. A ƙasar Dakoro da Bermo ta Jihar Maraɗi, inda gandun Gadabeji yake, da zarar damina ta ɗauke sai a fara share hanyoyin tare wuta: mutane su jeru da manjagara da hauya su kankare ciyawa har ƙasa, faɗin taku ashirin ko kusa da haka, tsawon kilomita da yawa, a gicciye da hanyar iskar gabas, ta yadda makiyaya za ta rabu gida-gida, idan wuta ta cinye gida ɗaya ta iso fili ta rasa abin kamawa, ko ta yi sanyin da za a iya kashe ta da rassa. Ma'aikatan gandun daji su suke shata layin su auna aikin, kuɗin kuma yana fitowa daga tsarin ƙasar na rigakafin yunwa da ƙungiyoyin agaji, ana biya gwargwadon tsawon da aka share. Ciyawar da aka kankare ba a zubar da ita. A ɗaure ta a adana, a sayar ko a ciyar da ita a bazara. Ba kowace shekara kuɗin yake isowa a kan kari ba, kuma wuta ba ta daina ci a can ba, amma dai kuɗi ɗaya ya yi aiki uku: ya tsare makiyaya, ya sa wa matashi abin kashewa a aljihu a daidai lokacin da zai tafi cin rani, ya kuma tara abincin dabbobi.

Idan aka jera ƙasashen uku, za a ga bambancinsu bai tsaya ga yawan dukiya ba, domin Nijar ba ta kai Nijeriya arziki ba. Bambancin yana ga lokacin da kuɗin yake fita. Kuɗin gobara kamar salla yake, yana da lokacin zaɓi, da na larura, da kuma ramuwa bayan lokaci ya fita: na Nijar yana fita kafin wuta, na Amurka tana cikin ci, namu kuwa sai toka ta huce, kuma ko da yake ramuwa tana sauke wani nauyi, babu malamin da zai yarda mutum ya mayar da ita ɗabi'a. A ganina jiha kamar Katsina ba ta bukatar sabon asusu ko sabuwar hukuma da motoci da ofisoshi. Abin da take bukata takarda ce gajera da majalisar jiha za ta mayar doka, wadda za ta keɓe sanannen kaso na kuɗin muhalli ga sharar hanyoyin wuta a makiyayu da burtali da gandun daji, ta wajabta sakinsa kafin ƙarshen Oktoba, ta ɗora wa ƙaramar hukuma nata kason domin ta ji zafin kuɗin, ta sa hakimi da arɗo su sa hannu a kan awon aikin kafin a biya, ta kuma ambaci ciyawa da harawa da kara da sunansu a cikin hasarar da ake yi wa agaji, a biya ta da dusa da ƙwayar auduga maimakon kwanon rufi. Maganar Oktoba ita ce mafi wuya, domin kasafin kuɗinmu daga Janairu yake farawa, kuma duk wanda ya taɓa bin takarda a ofis ya san irin amsar da ake ba mai nema idan shekara ta tsufa.

Akwai wurare biyu da ko an yi wannan doka ba za ta kai gare su da sauƙi ba. Na farko dajin Rugu ne, a yammacin jihar, ta wajen Batsari da Safana da Ɗanmusa, wanda a cikinsa makiyayar Ruma da Kukar Jangarai take, ɗaya daga cikin na farko da aka keɓe a Arewa tun zamanin dokar makiyayu ta 1965. Yau ma'aikacin daji ba ya iya shiga da igiyar awo inda soja ma sai da shiri yake shiga, kuma dabbobin da suka rasa wannan daji su ne suka ƙara cunkoso a kan 'yar ciyawar da ta rage a arewa da gabas. Na biyu kuma bakin iyaka ne, daga Jibiya zuwa Dankama, inda iskar hunturu take busowa daga arewa maso gabas, ta yadda wutar da aka tayar a ƙasar Maraɗi tana iya kwana a ƙasar Katsina. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, hedkwatarta a Yamai, wadda irin wannan aiki ya dace da ita; amma tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar da ya biyo baya, hulɗar gwamnatocin ta yi sanyi, ya zama abin da ya rage a tsakanin ɓangarorin biyu shi ne wayar hannu ta magaji da takwaransa na hayi, da arɗon da yake da 'yan'uwa a nan da can.